Hannun Hagun Guduma

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya girme ni da shekara takwas. Sunansa na ainihi ya ɓace tun yana saurayi. Duk layinmu Guduma ake ce masa, domin da guduma yake neman abincinsa, da ita kuma yake kashe gardama idan ta yi masa tsawo.

Sana'arsa sarar fata da kwali. Masu jaka da masu takalmi da masu ƙananan akwatunan kyauta su ne suke kawo masa kaya, ya fitar musu da siffa ɗaya sau ɗari, ba tare da wata ta saɓa wa 'yar'uwarta ba. Kayan aikinsa uku ne. Akwai kututture da ya gada wajen mahaifinmu, wanda samansa ya lotsa saboda duka. Akwai guduma. Sai kuma ƙarafan siffa, wato wuƙaƙe sirara da aka lanƙwasa suka zama siffar abin da ake son yankewa, aka dasa su a jikin katako. Mu a shago ƙarfe kawai muke ce musu. Yakan shimfiɗa fata a kan kututturen, ya kifa ƙarfen, ya danne shi da hannun hagu, sannan ya sauke guduma da dama, ta faɗa daidai tsakanin babban yatsansa da manuniya. Shekara talatin da huɗu yana haka, ko farce bai taɓa fasawa ba. Ya yi imani ƙarfe yana gocewa da zarar an sake shi, kuma a wurinsa wanda ya janye hannu kafin duka ya sauka matsoraci ne, bai cancanci ya tsaya kusa da kututture ba.

Na san wannan a jikina. Ina da shekara ashirin na yi aiki a ƙarƙashinsa. Wata rana ina riƙe masa wani babban ƙarfe, na ga gudumar ta taho, hannuna ya janye da kansa. Fatar ta ɓaci. Yaya ya juya gudumar ya zabga mini ƙotarta a gira. Tabon yana nan har yau, ya raba girata ta dama gida biyu. Akwai wani mai jaka da ya taɓa cewa a gaban mutane yankan Guduma ya karkace. Yaya ya kama ƙeyarsa ya kifa fuskarsa a kan kututturen, ya ce ya duba da kyau. Haƙora biyu mutumin ya bari a wurin, Yaya kuma ya kwana biyu a hannun 'yan sanda ya dawo bai sauya ba. 'Ya'yansa maza uku duk sun gudu daga sana'ar, kowanne da abin da zai nuna a jikinsa. Ni ma na bar shi na kama gadin wani ɗakin ajiyar kaya, kuma a can ne na shiga ajin manya na yamma, na koyi karatu da rubutu ina da shekara arba'in da ɗaya. Tun daga lokacin ya daina kirana ƙane, ya koma ce mini Akawu.

Mutum ɗaya ce bai taɓa ɗaga wa hannu ba, ita ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa yake kira Auta. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru shekarunta ashirin da shida, tana da aure, mijinta direban babbar mota ne da yake yin mako ba ya gida. Tana da tebur a ƙuryar shagon ubanta, inda take yin furanni na yadi mai kauri, da katunan gaisuwa masu huji-huji kamar leshi, da 'yan kunne na fata. Da almakashi da reza take yin duk wannan. Yatsunta dogaye ne kamar na mahaifiyarta marigayiya, kuma su ne duk jarinta a duniya. Na sha tsayawa ina kallon yadda take zagaye ganyen fure da bakin almakashi ba ta ko zana shi ba.

Abu biyu ne suka haɗu suka kawo maganar inji. Wani babban kanti ya ga katunanta ya nemi ta riƙa kawo ɗaruruwa kowane mako, abin da almakashi ba zai iya ba. Kafaɗar Yaya ta dama kuma ta fara ƙi. Idan ya yi sara hamsin sai ya ajiye guduma ya juya wa mutane baya yana cizon leɓe. Bai taɓa faɗin cewa tana ciwo ba, kuma babu wanda ya isa ya tambaye shi. Auta ce ta kawo shawarar a matsayin bukatarta ita kaɗai, don kada ya ji an taɓa shi, ta kuma roƙe ni in raka su.

Shagon mai sayar da injunan yana ƙarshen layin masu ƙarfe, dogon ɗaki ne mai warin baƙin mai. Mutumin ya san aikinsa. Kafin ya nuna mana komai sai da ya tambayi me za a yanka, kaurinsa nawa, faɗinsa nawa, guda nawa a rana, kuma akwai tsayayyar wuta a shagon ko babu. Auta ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to, abin da ya dace da ita yana kan teburin can. Ƙaramin inji ne na hannu, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ana sa kwali da ƙarfen siffa tsakanin alluna biyu na roba mai tauri, a tura su bakin injin, a juya mariƙi, su bi tsakanin ƙarafa biyu masu mirginawa su fito ta ɗaya gefen a yanke. Ya gwada mana da ƙarfen fure da Auta ta zo da shi. Furen ya fito tas, ba ƙara, ba girgiza. Ya ƙara da cewa zai yanka siririyar fata ma, sai dai ba ta tafin takalmi ba.

Yaya ya dubi injin ya ce shi bai zo sayen injin taliya ba.

A ƙuryar ɗakin akwai wani babba, tsohon yayi, kore, ya fi mutum tsawo, yana aiki da lantarki da ƙarfin mai. Yana da teburin ƙarfe da wani kai mai faɗi da ake jawowa ya tsaya a kan kayan, sannan ya sauko da nauyin tan ashirin. Yaya ya ce a kunna shi. Mai shagon ya jera fata shida, ya ɗora ƙarfe, ya jawo kan, ya danna. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Da kan ya ɗaga, fatun shida sun yanke kamar an yanka sabulu. Na dubi fuskar Yaya na ga irin kallon da yake yi wa mutumin da ya ji labarin ƙarfinsa, na san magana ta ƙare.

Mai shagon ya nuna masa madannai biyu a jikin kan, ɗaya dama ɗaya hagu, nesa da juna. Ya ce sai an danna su tare injin yake sauka, kuma an yi haka ne don hannuwan mai aiki duka biyu su kasance a sama lokacin da kan yake ƙasa. Ya yi ƙoƙari ya mayar da mu wajen ƙaramin. Ya ce wannan na masana'antar takalma ne, kuma mutumin da shekaru suka fara hawa ya fi kyau ya samu abin da ba ya gaggawa. Bai rufe baki ba Yaya ya shaƙe wuyan rigarsa ya manna shi da jikin injin, har kansa ya bugi ƙarfe. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunsa.

A bakin ƙofa Auta ta ce masa a hankali, "Baba, aikina fa takarda ce."

Ya ce, "Wanda ya yanka fata shida zai kasa takardarki ne?"

Ƙarti shida ne suka shigar da injin shago, simintin ƙasa ya tsage a inda aka sauke shi. Injin ya zo da wani ɗan littafi da mai ya jiƙa gefensa, Yaya ya jefa shi ƙarƙashin tebur, ni na ɗauka na tafi da shi gida. Na karanta shi daga bango zuwa bango, sau biyu, ina bin kowane layi da yatsa kamar yadda aka koya mini.

Mako guda Yaya ya yi yana danna madannan biyu yana zagi. Abin da ya kasa haɗiya shi ne ya ajiye ƙarfe ya sake shi. Kuma gaskiya ne, ƙarafan Auta marasa nauyi ne, kwali kuma yana da santsi, wani lokaci idan aka jawo kan sai ƙarfen ya ɗan motsa. Littafin ya faɗi maganin wannan: a manne ƙarfen da ɗan salatif. Na gaya wa Auta, ita kuma ta gaya masa, ya ce shi ba mai ɗaurin ciwo ba ne. A rana ta takwas ya yanko tsirin fata, ya naɗe madannin hagu da shi tamau, ya zama a danne kullum. Na ji an ce injunan yanzu ba sa yarda da wannan dabara, amma wancan tsoho ne, ya yarda. Daga nan hannunsa na hagu ya koma inda ya saba. Ya riƙe ƙarfe, ya danna da dama, ya fizge yatsunsa daidai lokacin da kan ya taho. Ya ƙware a haka har masu kawo aiki suna tsayawa kallo, shi kuma yana ƙara jinkirta fizgewar don su riƙe numfashi.

A nan zan faɗi nawa. Abin da na karanta daidai ne, kuma ban janye ko harafi ɗaya daga ciki ba. Wurin da na zaɓa in karanta shi ne bai dace ba. Da hantsi na je, shago cike, ga mai walda maƙwabcinsa, ga masu jaka biyu, ga Auta a teburinta. Na tsaya a tsakiya na buɗe shafi na uku, inda aka zana hannu da jan layi a kansa, na ɗaga murya na karanta cewa kada a taɓa ɗaure ɗaya daga cikin madannan, kada kuma hannu ya shiga ƙarƙashin kan muddin injin yana kunne. Na karanta da kyau, ban yi tuntuɓe ba, kuma na san ina so su ji cewa ban yi tuntuɓe ba.

Yaya ya bari na kai aya. Sannan ya ce, "Akawu, don ka koyi baƙi da furfura, hannuna za ka karanta mini?"

Bayan hannunsa ne ya fara samuna a baki. Duka na biyu da naɗin fata ne, a kunne. Na faɗi kaina ya bugi kusurwar teburin Auta, na ji haƙorina na gaba ya ɓalle ya zauna a kan harshena. Ya taka ƙirjina, ya fizge littafin, ya yage shafin ya cusa mini a baki tare da jinin. Mai walda da masu jakar su uku suka riƙe shi, ya watsar da su, ya kama ƙafata ya jawo ni har titi. Ya ce ranar da na sake taka shagonsa zai sa kaina a ƙarƙashin injin ya ga ko akwai wani abu a ciki ban da tawada.

Bayan kwana uku Auta ta same ni a wurin aiki, ta ce Baffa, ka yi wani abu. Na je da sassafe kafin ya iso, ta buɗe mini, na datse tsirin fatar da reza. Da ya zo ya gani bai tambayi kowa ba. Ya shiga wurin mai walda ya ɗauko waya ta ƙarfe, ya naɗe madannin da ita, ya murɗe bakinta da filaya. Da na yi masa magana a keɓe tun farko, wataƙila da fatar ta kwance da kanta wata rana ya ƙyale ta. Yanzu ta zama maganar girma, kuma ni na mayar da ita haka.

Abu mafi muni ya zo daga baya. Kantin ya aiko da katuna masu hoton fure a buge, waɗanda dole yankan ya bi gefen hoton daidai. Idon Yaya ba ya ganin siririn layin. Sai ya ce Auta ta riƙa daidaita ƙarfen ta riƙe, shi yana dannawa. Ta ce a bari ta manne da salatif. Ya dube ta kawai, ta kama ƙarfen. Ba tsoron duka take yi ba. Ita kaɗai ce ta rage masa, kuma ta san idan ta bar shagon babu wanda zai sake zama kusa da shi.

An hana ni shiga, amma ba a hana ni titi ba. Duk ranar da ba ni da aiki nakan zauna a bencin mai walda, inda nake hango teburin injin ta ƙofa. Na lura da abin da ya tsorata ni. Mai sara da guduma ba da ido yake aiki ba, da kiɗan aikin yake yi: a ajiye, a riƙe, a sara. Idan ya yi ɗari biyu a jere, hannun dama ba ya jiran umarni. Yaya ya ɗauko wannan kiɗan ya sa wa injin. Auta ta ajiye, ta riƙe, ta janye, kan ya sauko. Muddin ba ta saɓa ba, lafiya.

Ran wata Talata, wajen ƙarfe goma na safe, ta saɓa. Ta janye hannu kamar kullum, sai ta ga gefen katin ya naɗe a ƙarƙashin ƙarfen, ta mayar da hannunta na dama don ta gyara. Babban yatsan Yaya ya riga ya danna. Na ga kan ya taho. Na ga kuma hannunsa na hagu, wanda yake rataye ba aiki tun da ta karɓi riƙon, ya harba ƙarƙashin kan ya bugi wuyan hannunta ya fitar da shi waje. Shekara talatin da huɗu an koya wa hannun nan hanyar zuwa wurin ƙarfe, an kuma koya masa kada ya gudu idan duka ya taho. Bai gudu ba.

Ƙarar ba ta bambanta da ta kowace rana ba, sai dai ta ɗan yi laushi. Kan ya ɗaga da kansa. Yatsu uku na tsakiya suna cikin ƙarfen fure, a yanke daidai da lanƙwasar ganyen, sauran tafin kuma ya baje. Jini ya bi teburin ya zuba a kan tarin katunan da aka gama.

Bai yi ihu ba. Ya dubi hannun Auta tukuna, ya ƙirga yatsunta da ido. Sannan ya naɗe nasa da gaban rigarsa, ya matse shi a hammata, ya taka zuwa kututture ya ɗauki guduma da hannun dama, da kafaɗar nan da ta ƙi. Madannin da ya ɗaure ya fara saukar wa, ya tarwatse. Ya bi ɗayan. Ya fasa gilashin ma'aunin, ya bugi bututun mai har ya ɓalle, baƙin mai ya yi tsiri ya wanke masa fuska ya gauraya da jinin a ƙasa. Na shiga na rungume shi ta baya, ya yi mini gula da gwiwar hannu a haƙarƙari na durƙusa. Mai walda ya kama gudumar, Yaya ya jefar da shi cikin ƙarafa. Ya ci gaba da dukan kan injin, ƙarfen da guduma ba za ta iya yi wa komai ba, har ƙotar ta karye, ya ci gaba da guntun, sai da santsin mai ya kwashe ƙafafunsa ya faɗi. A kan ƙyauren da muka cire muka ɗauke shi zuwa mota.

A asibiti an tsira da babban yatsa da ɗan ƙaramin. Auta kuma aka sa mata filasta, domin bugun da ya yi mata ya tsaga ƙashin wuyan hannunta. Shi ne karo na farko da ya buge ta, kuma ban ji an yi na biyu ba. Bayan mako shida aka cire filastar, yatsunta biyar suna motsi.

Masu gwangwan suka zo suka yanka babban injin gunduwa-gunduwa suka kwashe. Auta ta koma wurin mai shagon ita kaɗai, ta ba shi haƙuri a kan wuyan rigarsa, ta gwada ƙananan injuna uku da kwalinta da yadinta, ta zaɓi wanda bakinsa ya fi faɗi, ta ɗauko shi a kan cinyarta a cikin mota. An ɗaure shi da ƙusoshi a kan tsohon kututturen. Yanzu ita take jera allo da ƙarfe, da salatif ɗinta, Yaya yana juya mariƙi. Har yau injin taliya yake ce masa, har yau yana zagin masu kawo aiki, kuma watan jiya ya jefi wani da kujera. Hannun hagun bai daina miƙewa wajen ƙarfe ba idan an tura allo, saboda haka Auta take ba shi kofin shayi ya riƙe da yatsun biyu, ko da babu komai a ciki.

Wannan injin ma ya zo da littafinsa. Ya yi wata biyu a kan taga. Wata rana da la'asar ina wucewa Yaya ya kira ni, ya aiki Auta sayen zare, ya tura ƙofa ya sa sakata, ya jefo mini littafin a cinya.

Ya ce, "Karanta. A hankali, kuma ban da muryar nan taka ta taro."

Na buɗe shafin farko. Layin farko yana cewa a nisantar da yatsu daga bakin injin lokacin da ake juya mariƙi. Na kai rabinsa ya ɗaga kofin.

Ya ce, "Wuce wannan, ƙane. Je ka inda suka yi maganar fata."